Abin da Takardun Hayar Gidaje a Ingila Suka Koya Mini

A ofishin lauyoyin da na samu horo a Ingila, abu na farko da aka koya mana shi ne, duk wanda ya kawo takardar sashen bene da yake son saya, mu duba shekarun da suka rage a wa'adinta kafin mu dubi farashi. Dalili kuwa shi ne, a Ingila da Wales akasarin masu irin waɗannan gidaje ba su mallaki ƙasar da ginin yake kai ba. Abin da suka saya izinin zama ne na shekara 99 ko 125, wani lokaci 999, kuma ranar da wa'adin ya cika gida ya koma hannun mai ƙasa. Wanda ya san takardar mallakar fili ta shekara 99 a Najeriya zai ga kamanni, sai dai a can mai ƙasar ba gwamna ba ne, mutum ne ko kamfani mai neman riba.

Dokar 1993 ta ba masu sassan bene damar ƙara shekara 90, amma da zarar wa'adin ya gaza shekara 80, dole mai gida ya biya mai ƙasa rabin darajar da ƙarin zai jawo wa gidan, bankuna kuma su fara ja da baya wajen ba masu saye bashi. Kuɗin ƙasa, wato kuɗin da mai gida ke biyan mai ƙasa duk shekara, shi ma yana da nasa tarkon, domin na karanta yarjejeniyar da ta fara da fam 250 a shekara tana ninkawa duk bayan shekara goma, wato fam 8,000 bayan shekara hamsin, alhali sharaɗin layi biyu ne kacal a tsakiyar takardar. Dokar 2022 ta soke wannan kuɗi a sababbin yarjejeniyoyi, amma ba ta taɓa tsofaffin ba.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, sa hannu a kan doka daban, fara aiki da ita daban. Dokar da aka zartar a watan Mayun 2024, cikin gaggawa gab da zaɓe, ta yi alkawarin ƙarin shekara 990 da soke biyan rabin nan da hana sayar da akasarin sababbin gidaje (ban da sassan bene) a kan tsarin haya, sai dai manyan sassanta sun tsaya jiran ƙa'idojin da minista zai fitar, masu ƙasa kuma suka garzaya kotu. Saboda haka idan mai shekara 82 a takardarsa ya tambaya ko ya jira sauƙin da ke tafe, shawarata ita ce ya ƙara wa'adin tun bai faɗa ƙasa da 80 ba, musamman ganin cewa tsarin mallakar haɗin gwiwa da dokar 2002 ta kawo, inda kowa ke mallakar sashensa ba wa'adi, wanda aka ce zai maye gurbin hayar, ƙalilan ne daga cikin magina suka karɓe shi, tunda sayar da ƙasar daban ya fi kawo musu kuɗi.