Riyal 20 ɗin Yaya

Yau bayan la'asar na raka Yaya bakala, wato shagon kayan masarufi, a nan Jidda. Mai shago ya buga lissafi, har da harajin kashi 15 cikin ɗari, sai ta duba 'yar takardar cefanenta, ta zare katan ɗin lemo ta mayar inda ta ɗauko. Na ce, "Haba Yaya, riyal 20 ne fa, bari in biya." Ta riƙe min hannu: "Ajiye abinka, ƙanena. Haya na tafe, ga kuɗin maganin Inna da za mu tura Kano."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Albashinta ba wani mai yawa ba ne, amma adashinta ba ya fashi. Daren nan zan rubuta cefanen gidana kafin albashi ya shigo.