Ni Ba Ni da Gidan Yin Yaji

Ranar Asabar da ta wuce maƙwabciyata ta yi yaji. Ina tsakar gida ina wanki na ji an bugo ƙofa da ƙarfi, na leƙa na gan ta da goyo da baƙar leda, ta tare adaidaita ta ce a kai ta Gwammaja. Kafin la'asar ɗin Litinin ga ta ta dawo, mijin a gaba riƙe da ledar, ƙanin babanta a baya yana ta yi musu nasiha. Da dare har dambun nama ta aiko mini. Na karɓa na yi godiya, na shiga ɗaki na yi kukan da na daɗe ban yi irinsa ba. Allah ya sani ba hassada nake mata ba. Ita kuɗin adaidaita ne kawai tsakaninta da gidan ubanta, ni kuwa sai na tsallake iyakar ƙasa.

Ni 'yar Damagaram ce, a unguwar Birni aka haife ni. A 2016 aka kawo ni Kano amarya, nan Kurna. Maigidana ɗan Kantin Kwari ne, yana kai wa yayana atamfa, a can ya gan ni. Lokacin biki kowa cewa yake ai Kano da Damagaram gida ɗaya ne, ka karya kumallo a can ka yi azahar a nan. Hanyar kam ba nisa: Matamaye, Kwangwalam, Daura, Kazaure, sai Kano. Shekarar farko na sha dariyar dangin miji, in na ce kuran ya tafi ko na kira makaranta lekol. Na haɗiye, na koyi cewa an ɗauke Nepa, na daina lissafi da dala da jaka. Yau in na shiga Kasuwar Rimi ciniki babu mai cewa ni ba Bakanuwa ba ce. Ana aiko mini da cuku da dabino daga gida ina sayarwa, da ribarsu na sayi firiza, kuma duk layinmu an san ƙanƙarata. Ban zo garin nan na zauna hannu rabbana ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban ƙasarmu Bazoum, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wa Nijar wuta. Cikin wannan duhun Baba ya rasu, a tsakiyar Agusta. Wayoyin gidanmu duk ba caji, sai washegari da yamma yayana ya same ni, an riga an kai shi makwancinsa. Na durƙusa gaban maigida, Hajiyarsa na zaune, ƙannensa mata biyu na zaune, na ce ya kai ni ko sadakar uku na samu. Ya ce hanya ba kyau, jami'ai na kama mutane. Da a nan ya tsaya da na yi shiru. Sai ya ƙara da cewa, "Wanda ya mutu ya riga ya mutu, ki yi masa addu'a daga nan. Sojojinku ne suka jawo, ba ni ba." Ɗaya daga cikin ƙannen ta rufe baki da mayafi. Har yau ina ganin kafaɗarta tana motsi.

A cikin satin nan kuma na ji shi da kunnena yana waya da yaron shagonsa, yana gaya masa ta wace hanyar daji zai bi da diloli biyu na atamfa. Kaya sun tsallaka, sun isa lafiya. Ni ina ɗaki da carbi. Ba a shimfiɗa mini ko tabarma ɗaya ta karɓar gaisuwa a gidan nan ba, in ban da wasu mata uku 'yan ƙasarmu da suka zo daga Fagge suka wuni tare da ni.

An buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, na tafi bayan ƙaramar salla ni da yara. Ɗakin Baba an mayar da shi wurin ajiyar hatsi, butarsa kawai na tarar a bakin ƙofa. Shi bai bi mu ba, kuma har yanzu bai taka ya je ya yi wa Inna ta'aziyya ba. Mutumin da ya aurar masa da 'ya, ya yafe masa rabin kayan al'ada!

Duk wadda na gaya wa sai ta ce, to me ya rage ki da shi? Cefane yana yi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuɗin makarantar yara ba ya wuce lokaci. Duk gaskiya ne. Amma shekara biyu ke nan ina ajiye masa abinci kamar mai ajiye wa baƙo. Malamarmu ta Islamiyya ta yi mini bayanin khul'i, mace ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Sadakin ina da ninkinsa a ajiye. Ta ce a mazhabar Malikiyya renon yara haƙƙin uwa ne, sai dai ni na san dangin nan, ba za su zuba ido na ƙetare iyaka da jikokinsu ba. Babbar tana aji uku, karatunta da Turanci, can kuwa sai ta koma farko da Faransanci. Ƙaramin kuma ba ya barci sai ya riƙe bakin zanina. In na zauna a Kano bazawara, gidan wa zan yi idda?

Da ina da inda zan je na kwana uku, da tuni an yi biko, manya sun zaunar da shi ya ji abin da ya yi. Ni in na fita, fitar ke nan.

Inna ba ta taɓa cewa na kashe aurena ba. Kullum haƙuri, kullum 'ya'yanki. Idonta na dama ya fara yana, ƙanena ke tashi cikin dare ya tarar mata ruwa in famfo ya kawo, don Damagaram har gobe ruwa wahala ne. Ƙanwata ta haihu a damina, an sa wa yaron sunan Baba, a waya na ji guɗar suna. Jiya Inna ta sa an ɗaukar mata murya an turo mini. Ta yi ta ba ni labarin tsadar gero da akuyarta da ta haifi biyu, sai can ƙarshe ta ce, "An kwashe hatsin nan daga ɗakin babanki, na sa an share."

Da daddare na ce wa maigida, "Baban yara, ina so kafin azumi ka shirya mu je ka gai da Inna." Ya ce za mu gani, idonsa na kan waya. Da safe na kira Yaya na ce ya zo Kano ran Juma'a, ya taho da Kawu.