Taransifomar da na ƙona a gidan Alhaji

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na miƙa wa maigida makullan shago, bayan shekara 6 ina kwance kayan sauti ina ɗaurawa. Yaran da na bari sun ce in rubuta musu wani abu. To ga shi, sai dai su yi haƙuri, kusan duk maganar a kan rana ɗaya take.

Kun san Alhajin nan na Nasarawa mai ɗakin jin kiɗa, wanda babu komai a ciki sai kujera ɗaya a tsakiya da kanta cike da faifan CD. Ya zo yana kukan sautin kayansa ya yi kaifi, in ya yi awa guda yana saurare sai kunnensa ya gaji. Maigida ko zuwa ya ji bai yi ba, ya ce maganin abin tiransifot ne. Don amfanin sababbin zuwa: na'urar CD aiki biyu take yi, ta juya faifai ta karanto lambobin da ke jikinsa, sannan ta mayar da su sauti. Masu hali sukan raba aikin gida biyu, tiransifot ya karanta, DAC ya fassara. Alhaji yana da DAC tun na shekarun 1990, amma wata 'yar na'urar DVD mai arha ce ke ba shi lambobin. Maigida ya yi odar tiransifot ɗin kamfanin Teac na hannu mai tsarin VRDS, wanda ke danne faifai da wani faranti kusan girmansa don kada ya yi rawa yana juyawa. Ɗaukarsa kaɗai sai ka sa hannu biyu.

Don kasuwar Japan aka ƙera shi, wutar can bolt 100 ce, tamu 230. Filogin da ya zo da shi mai baki biyu fale-fale ne, wanda duk mai gyara in ya gani zai dakata. Maigida ya sa aka yanke shi tun a shago aka ɗaura irin namu mai ƙafa uku, wai kada Alhaji ya ga kamar kwance aka kawo masa. Bai gaya mini ba. Ni ma ban juya bayan na'urar na karanta ba, alhali rubutun yana nan ɓaro-ɓaro kusa da inda waya ta shiga. Na soka a soket na danna. Fuskar ta yi wani haske da ya wuce ƙima, aka ji ƙas, sai warin ƙonannen fenti ya cika ɗakin, ga sanyin AC yana ta juya shi.

Alhaji ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi ɓarna."

Da maigida ya iso, a gaban Alhaji da direbansa ya ce ya sha gaya mini in riƙa lura, amma yaran yanzu ba sa ji. Maganar filogi ko da wasa bai ɗauko ta ba. Aka yanke mini rabin albashi wata 8, a shekarar da nake tara kuɗin lefe. Laifina ban musa ba har gobe, amma mu biyu muka yi ɓarnar, ni kaɗai na biya.

Allah ya taimake ni taransifoma da fiyus ne suka tafi, leza mai karanta faifai da allon da ke sarrafa ta suka tsira. Wani dattijo a Sabon Gari ya sake naɗe taransifomar daidai da wutarmu. Sati uku na'urar tana kan tebur ɗina, kuma da yake kuɗina ne ke tafiya a kanta, na ce sai na san me aka sayar wa Alhaji. Na roƙe shi aron DAC ɗinsa da 'yar DVD ɗin, ya ba ni.

Abin da na fara yi shi ne na ɗauki lambobin da kowace na'ura ke fitarwa na zuba a kwamfuta na gwada su. Faifai ɗaya, mai tsabta. Iri ɗaya suka fito, babu wanda ya fi wani ko da ɗigo. Daga baya na gane ba abin mamaki ba ne. Tun 1980 da Philips da Sony suka tsara CD, sauti ana yanka shi sau 44,100 a daƙiƙa, kowane yanki bit 16, kuma an saka tsarin gyaran kuskure da zai iya cike giɓin da ya kai kusan milimita 2.5 a layin faifan ba tare da an rasa komai ba. Sai a faifan da ya sha karce sosai ne Teac ya wuce lafiya inda DVD ta yi tuntuɓe.

Amma da na zauna na saurara da DAC ɗin Alhaji, na ji bambanci. Ba irin wanda maigida ke rantsuwa a kai ba, wai kamar an buɗe taga. Bugun kalangu ya fi tsayawa wuri ɗaya, kuma a faifan karatun wani alaramma na Masar, harafin sin ya daina sukar kunne. To in lambobi ɗaya ne, daga ina? Daga lokaci. Wayar S/PDIF da ke haɗa na'urorin biyu ita ke ɗauke da lambobin, ita ke ɗauke da bugun agogon da ke cewa ga lokacin da za a fassara kowanne. DAC daga cikin saƙon yake tsamo agogon. In bugun ya zo yana ɗan gaba yana ɗan baya, tsohon DAC irin na Alhaji binsa yake yi kamar makaho da ɗan jagora. Wannan rawar lokacin ita muke ce wa jita, wadda yaran shago ke tsokanata wai jita-jita ce. Da na koma kan sabon DAC na shago, mai tara lambobin ya sake jera su da agogon kansa, sai na sa yaro ya riƙa sauya na'urorin a bayan labule. Rabi na canka rabi na faɗi, kamar mai jefa kwabo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waya. Wadda Alhaji ya yi shekaru yana amfani da ita, irin ja da farin nan ce ta rediyo. S/PDIF kuwa wayar om 75 yake so, saƙon ma rabin bolt ne kacal. Na sauya ta da ta gaskiya, wadda kuɗinta bai kai na cefanen kwana biyu ba, na mayar da 'yar DVD ɗin. A kunnena rabin kaifin ya tafi, har ɗan ƙas-ƙas ɗin da ake ji in firij ya tashi ya daina.

A nan na fahimci gwajin da ake yi wa masu saye a shago. A kunna na'urar mutum ta wayoyinta na sauti, sannan a kunna tiransifot ta DAC ɗin shago. Abu biyu aka sauya, aka ce ɗaya ne, kuma na biyun kullum ya ɗan fi ƙara. Kunne kuwa abin da ya fi ƙara shi yake ba gaskiya. In za ku gwada, ku sa faifan gwaji mai sautin kilohaz 1, ku daidaita da mita a bakin lasifika tukuna. Ban ce kowa yana yi da gangan ba. Hannun wani dai na sha ganinsa a kan maɓallin ƙara.

Sauran kun sani. Ƙurar hunturu ta kashe na'urori fiye da tsufa, ku duba idon leza kafin ku yanke mata hukunci. In ana jin gurnani ta wayar koksiyal, wato ta tagullar nan mai om 75, ku gwada Toslink mai aika saƙon da haske, haske ba ya ɗauko wutar ƙasa. Janyo lasifika taku biyu daga bango ya fi sauya sauti a kan duk tiransifot ɗin da na taɓa haɗawa. Ku juya bayan na'ura ku karanta, ko wa ya miƙo muku ita.

Ranar da na mayar wa Alhaji kayansa na gaya masa duk abin da na gano, har da maganar waya. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Maigidanka ya san ka faɗa mini haka?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya yi dariya ya ce a bar Teac ɗin, ya riga ya shiga ransa. Tun daga ranar lambata yake kira, ba ta shago ba, kuma abokansa uku ta hannunsa suka same ni.

Dattijon Sabon Gari ya dawo mini da ƙonanniyar wayar tagullar da ya kwance, tana cikin jakar kayan aikina. Ranar Asabar maigida ya hango ta ya ce in ajiye, ai kayan shago ce. Na ce masa wata 8 na yi ina biyan kuɗinta, na zuge jakata.