Daga Ginza zuwa gaɓar Izu: neman agogon nutso

Ƙanena da ke karatu a Tokiyo ne ya tarbe ni a filin jirgin sama na Narita, kuma tun muna cikin jirgin ƙasa ya gane ba shi kaɗai na zo gani ba. Ya karɓi takardar da na jera wuraren da nake son zuwa, ya karanta, ya girgiza kai. "Yaya, duk shagunan agogo ne fa." Na ce masa har da teku a ƙarshe. Abin da ya kawo ni tambaya ce da ta daɗe tana cin raina, ni da nake tara agogon nutso: ga agogo biyu, kamanninsu ɗaya, kowanne an rubuta masa mita 200 ko 300, wato zurfin ruwan da zai iya jurewa, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau goma, wani lokaci sau ɗari. Me ƙarin kuɗin nan yake saya wa mutum?

Da Ginza muka fara. A mahaɗar titin unguwar akwai ginin Wako mai hasumiyar agogo, wanda aka gina a 1932, kuma daga nan 'yar tafiya ce a ƙafa zuwa gidan tarihin kamfanin agogo na Seiko, wanda ya dawo unguwar a 2020. Shiga kyauta ne. Kintaro Hattori, wanda ya kafa kamfanin, ya buɗe shagonsa na gyara da sayar da agogo a 1881, kuma a cikin kayan da aka ajiye har da wani curin agogunan aljihu da suka narke suka manne da juna a gobarar da ta biyo bayan girgizar ƙasar 1923. Ƙanena ya daɗe a gaban curin nan. Ni kuwa hankalina na wajen agogunan ruwa.

Na farkon su, na 1965, ƙarami ne fiye da yadda hoto ke nuna shi. Mita 150 aka rubuta masa, kuma ya zo ne shekara 12 bayan Blancpain da Rolex na Suwizalan sun fito da nasu a 1953. Wanda ya tsayar da ni dai shi ne na 1975. Labarinsa sananne ne a wajen masu tara agogo: a 1968 wani ƙwararren mai nutso daga yankin Hiroshima ya rubuta wa kamfanin wasiƙa cewa agogunan da ake da su ba sa jure irin aikinsa. Irin waɗannan ma'aikata kan yi kwanaki a cikin ɗaki mai matsin iska, suna shaƙar iskar da aka gauraya da hiliyom. Hiliyom kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ya sulale cikin agogo, idan aka zo rage matsi ya rasa hanyar fita ya tunkuɗe gilashin. Injiniya Ikuo Tokunaga da abokan aikinsa sun shekara bakwai a kan matsalar. Rolex da Doxa sun riga sun warware ta da ɗan bawul mai fitar da iskar. Su Tokunaga kuwa suka ce kada ma ta shiga: suka ƙera gangar agogon da titaniyom a dunƙule ba murfin baya, suka sake siffar robar da ke riƙe gilashi, suka rufe gefen da wani kwanso mai kare shi daga duka, suka yi masa maɗaurin roba mai lanƙwasa-lanƙwasa.

Agogon ba shi da kyau, gaskiya. Kamar gwangwanin kifi yake a hannu. Amma ka zagaya shi da ido, ba za ka ga abu ɗaya da aka sa don ado ba. Kowane lungu amsa ce ga wata wahala da wani ya sha a ƙarƙashin ruwa. Daga nan na riƙe ma'aunin da na yi ta amfani da shi har ƙarshen tafiyar: duk abin da aka ce in biya ƙarin kuɗi dominsa, wace wahala ya zo magancewa, kuma ni ina da wahalar? Bawul ɗin hiliyom, alal misali, ba ya tsinana komai ga wanda bai taɓa kwana a ɗakin matsi ba, sai ma ƙarin kafa da ke buƙatar tata robar.

Nakano daban take da Ginza. Daga Shinjuku mintoci kaɗan ne a layin Chuo, ka fita ta ƙofar arewa, ka bi wata doguwar kasuwa mai rufi har ta kai ka Nakano Broadway, tsohon gini na 1966. Cike yake da shagunan littattafan zane da 'yan tsana, amma a hawa na uku shagunan agogo ne jere, sabo da na hannu. Mai shago zai fito maka da agogo a kan ɗan faranti mai laushi, ya ja da baya, ya bar ka. Ba ya matsa maka, ba ya kuma rage ko sisi don ka yi shiru.

A nan na zauna na yi aikin da na zo yi. Abu na farko da nake nema a fuskar agogo shi ne kalmar DIVER'S kusa da adadin mita. Wannan alama ce ta cewa an bi ISO 6425, ƙa'idar duniya ta agogon nutso, kuma ƙa'idar ba ta wasa ba ce. Dole agogon ya kai aƙalla mita 100. Dole a gwada kowane guda ɗaya, ba samfuri kaɗai ba, a matsin da ya haura abin da aka rubuta masa da kashi 25 cikin 100. Dole a iya karanta shi daga nisan santimita 25 a cikin duhu, a kuma ga alamar cewa yana tafiya bai tsaya ba, shi ya sa ake ɗiga fenti mai haske a hannun daƙiƙa. Akwai gwajin maganaɗisu, da na bugu, da na ruwan gishiri, da na jan maɗauri. Ba duk mai kyau ne ke ɗauke da kalmar ba. Wasu manyan kamfanonin Suwizalan nasu gwajin suke yi, kuma ba wanda ke shakkar su. Amma a ƙaramin kuɗi, inda kowa ke iya buga "mita 200" a fuskar agogonsa, kalmar nan ita ce shaidar da ta fi arha.

Sai zoben da ke kewaye da gilashi. Gefe ɗaya kawai ya kamata ya juya, saɓanin tafiyar hannun agogo, domin in an buge shi a ruwa ya nuna maka ka daɗe fiye da yadda ka yi, ka fito da wuri. Ina juya shi a hankali ina sauraro. Na kirki yana faɗawa cikin kowane mataki daram, in ka tura shi baya ba ya rawa. Daga nan in mayar da alamarsa saman agogo in duba da madubin ƙara girma ko ta zauna daidai kan sha biyu. Wani da aka fito mini da shi, ba mai arha ba kuwa, alamarsa ta kauce da kusan rabin minti, kuma idan ido ya ga irin wannan sau ɗaya ba ya sake daina gani. Na mayar da shi kan faranti. Bayan zobe sai maɓallin da ake wana agogo da shi: in kwance shi, in sake ɗaure shi, in ji ko zaren yana kamawa sumul ko yana ƙarar yashi. Ta nan ruwa ya fi shiga agogo, kuma ta nan ake gane wanda tsohon mai shi ya wahalar. Fentin haske kuwa fitilar waya nake haska masa, in dunƙule hannu a kansa in leƙa. Duk suna walƙiya a minti na farko. Wanda ke da sauran haske bayan ka gama hira da mai shago shi ne aka shafa wa fenti da kauri.

Ƙanena ya gaji, ya tafi kallon 'yan tsana, ya dawo ya same ni da SKX007 a hannu. Seiko ta fito da shi a 1996, ta daina yin sa wajen 2019, kuma shekara da shekaru shi ne amsar duk wanda ya tambayi agogon nutso na gaske a kuɗi kaɗan. Injinsa ba a wana shi da hannu, sai dai a girgiza, kuma hannun daƙiƙa ba ya tsayawa in za ka saita lokaci. Tun da aka daina yin sa kuɗinsa ya tashi, har mai tsabta ya kama kuɗin sababbin da suka fi shi inji. Agogon bai ƙaru da komai ba. Ƙarin nan kuɗin kewa ne, kuma wanda zai biya ya san abin da yake biya. A tsofaffi na shekarun 1960 da 1970 abin ya fi haka. Na sa ƙanena ya tambayi wani mai shago ko zan iya shiga ruwa da ɗaya daga cikinsu. Mutumin ya haɗa hannuwa ya sunkuyar da kai, ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, ya ce ba sa ba da tabbacin ruwa a kan tsohon agogo, ko wanke hannu za ka yi ka cire shi."

Kada in zalunci masu tsada. Na riƙe na Suwizalan guda, kuma hannu ya san bambanci kafin ido. Sarƙarsa ba ta kaɗawa, maƙullinta an sassaƙa shi ne daga dunƙulen ƙarfe ba lanƙwasa falle aka yi ba, gefunan gangar sun fita tsaf. Injin da ya ci jarrabawar COSC, hukumar gwada daidaiton agogo ta Suwizalan, ba ya wuce jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana, alhali injin Seiko 4R36 da ke cikin masu sauƙin kuɗi an yarda masa gaggawar 45 ko jinkirin 35. Wannan bambanci ne na gaske. Sai dai mai batir na kuɗi kaɗan kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 a wata guda, ya doke su duka. Ga kuma sabis: injin mai tsada in lokacinsa ya yi, kuɗin buɗe shi kaɗai kan sayi wani agogon nutso sabo ful, shi kuwa mai arha sau da yawa cire injin ake yi a dasa wani. Abin da ka biya a babban agogo kyawun aiki ne da suna da kuma saurin samun mai saye in ka tashi sayarwa. Hana ruwa shiga ba ya cikin abin da ya ƙaru.

Teku ce ta rage. Muka hau jirgin ƙasa na Odoriko daga tashar Tokiyo zuwa tsibirin-gaɓar Izu, tafiyar awa biyu da wani abu, rabin hanyar ruwa na hannun hagu. Gaɓar Jogasaki baƙin dutse ce, aman dutsen Omuro da ya kwarara cikin teku kimanin shekara 4,000 da suka wuce, kuma masu nutso daga Tokiyo nan suke tururuwa. Na yi rajistar nutson gwaji, wanda ba a wuce mita 12 da mutum. Mai takardar shaidar nutso ta farko mita 18 ne iyakarsa, kuma duk nutson shaƙatawa a mita 40 yake tsayawa. Ka ajiye wannan kusa da mita 300 da 600 da 1,000 da muke gardama a kai.

Na leƙa wuyan hannun duk wanda ke shirin shiga. Kwamfutar nutso ce a hannun kowa, mai nuna zurfi da lokaci da sauran mintocin da jiki zai iya ɗauka. Malamin da ya riƙe ni yana da agogo a ɗaya hannun, Citizen mai cajin hasken rana, duk ya kwarzane, lambobin zoben sun soma gogewa. Ya ce kwamfuta ce ke aiki, agogon na ko-ta-kwana ne, kuma ya zaɓe shi ne don ba a buɗe shi canjin batir.

A cikin ruwa abubuwa uku na gani da shago ba zai nuna maka ba. Da safar hannu, zobe mai ƙananan haƙora santsi yake yi, sai mai manyan tsaga ne ke kamuwa. Launi kuma yana gudu: ja ne ke fara mutuwa tun a 'yan mitocin farko, jan da ke zoben agogona ya koma toka-toka, abin da ya rage mai amfani shi ne farin hannu mai kauri a kan baƙar fuska. Na uku, rigar nutso tana matsewa da zurfi, sai agogon da na ɗaure tam a sama ya soma juyawa a hannuna. Nan na fahimci lanƙwasar maɗaurin nan na 1975, wanda ke miƙewa ya kuma tsuke da kansa. Da muka fito, kowa ya tsoma kayansa a kwatarnin ruwan daɗi, malamin ya juya zoben agogonsa a ciki don gishiri da yashi su fita.

Kafin in bar Tokiyo na koma Nakano. Na ɗauki na hannu mai cajin rana, mita 200, da kalmar DIVER'S a fuskarsa, zobensa a zaune kan sha biyu, maɗaurinsa na roba. Na nuna fasfo aka cire mini harajin kashi 10 cikin 100. Daga nan muka kai shi wajen mai gyara ya sa shi a na'urar gwajin matsi, domin takardar masana'anta ba ta san shekarun da robar ciki ta yi ba. Ya ci gwajin. Mai gyaran ya ce duk da haka in canza robobin kafin in sake shiga teku da shi, kuma ya rubuta mini lambar girmansu a bayan rasit.