Daƙiƙa takwas a bayan bijimi

Jama'a, jiya na je kallon rodiyo, wato gasar hawan bijimai da dawakai, a filin wasa na NRG da ke Houston, jihar Texas ta Amurka, kuma har yanzu abin bai fita raina ba. Tun 1932 ake wannan biki.

Hawan bijimi ya fi kama ni. Ana buɗe ƙofa sai bijimin ya yi tsalle yana juyi, saurayin da ke kansa ya riƙe igiya da hannu ɗaya, ɗayan a sama. Dole ya kai daƙiƙa takwas. In hannun da ke sama ya taɓa dabbar, ya tashi a banza. Makin ɗari ne, hamsin na mahayi, hamsin na bijimi. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho na mahautanmu zai gane irin ƙarfin zuciyar da nake nufi. Wani yaro ya faɗo dab da kofato, kafin ƙiftawar ido masu kare mahaya sun shiga tsakani sun janye hankalin bijimin. Wallahi su na fi jinjina wa.

Kuɗi kam suna yawo: tikiti, huluna, takalman fata, sunayen kamfanoni har a rigunan mahaya. Na ji daɗi da ribar ke tallafa wa karatun yaran Texas. Abin da ya dame ni shi ne galibin mahayan ba su da albashi. A yawancin gasanni su ke biyan kuɗin shiga, in ba su ci ba su koma gida hannu rabbana, wani ma da karaya. Allah Ya tsare su.