Hinjis Goma Sha Biyu Suka Kai Ni Kaduna

Shekaranjiya na dawo daga Kaduna. Abin da ya fitar da ni daga Funtuwa da asuba bai fi cikin aljihun riga ba: hinjis na ɓoye, irin waɗanda ba a gani idan an rufe ƙofar kabad. Wata Hajiya ce ta kawo mini kabad ɗin kicin na tun aurenta, tana so in gyara ta ba 'yarta. Ƙofofi shida ne marasa nauyi, kaurinsu milimita 14, hinjis duk sun ci tsatsa, biyu ma sun karye. Na zagaye shagunan da na sani a garinmu, kowa mai kofin milimita 35 yake miƙo mini (kofi shi ne zagayayyen ɓangaren hinjin da ke shiga ramin ƙofa), alhali ramin da ke jikin ƙofofin 26 ne. Wani ya ce in faɗaɗa ramin kawai. Kofin 35 yana nutsewa kusan milimita 12 a cikin katako, to me zai rage a ƙofa mai kaurin 14? Ɓawon albasa. Kayan amarya ba abin caca ba ne, sai na cire hinji ɗaya na sa a aljihu na nufi tasha.

Giwa, Zariya, Jaji, duk barci na yi. Na sauka a Kawo wajen ƙarfe goma, mai Keke Napep ya faɗi kuɗin da a Funtuwa zai kai ka ya dawo da kai har ka sha shayi.

Shagon farko da aka kwatanta mini yana kusa da titin Ahmadu Bello, ƙofar gilashi, sanyi kamar firiji. Kaya kam akwai su, Blum na ƙasar Ostiriya, Hettich na Jamus, ka ɗauka ka ji nauyin ƙarfe a tafin hannunka. Amma yaron shagon ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. Na yi sallama sau biyu. Da na nuna masa nawa ya ce, "Oga, wannan tsohon yayi ne, ba ma ajiye shi." Kuɗin guda biyu na irin nasu da ya faɗa mini ya kai ladan aikina na yini. Ban ji haushin farashin ba, kaya mai kyau da kuɗinsa yake zuwa. Sallamar da ba a amsa ba ce ta tsaya mini a rai. A kasuwarmu ko allura ka je saye sai an tambaye ka mutanen gida.

Daga nan na wuce Panteka. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba: ƙarar guduma ta kowane ɓangare, masu walda, masu zuba tukwanen alminiyam, kafintoci, ƙurar katako a iska. Wani mai yin gadaje ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni wurin wani dattijo a wani ɗan lungu, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Baba ya karɓi hinjin, ya goge tsatsar da gefen rigarsa, ya auna kofin. Sai ya ce, "Ɗana, ƙofar rufe bakin katakon gefe take yi gaba ɗaya, ko biyu ne suke raba katako ɗaya, ko kuwa a ciki take zama?" Ya zube iri uku a kan benci, mai miƙaƙƙen hannu, mai ɗan lanƙwasa, da mai lanƙwasa sosai, kowanne da zamansa. Samfuri ɗaya na zo da shi, mai miƙaƙƙen hannu. Allah ya taimake ni akwai hoton kabad ɗin a wayata. Muka duba tare, sai ga shi ƙofofi biyu na tsakiya katako ɗaya suke rabawa. Kenan takwas masu miƙaƙƙen hannu, huɗu masu ɗan lanƙwasa. Da na kwashi iri ɗaya na tafi, ƙofofin nan biyu sai sun riƙa cin juna.

Na ce ya ba ni masu rufewa a hankali duka. Ya girgiza kai. Ya ce ƙofa marar nauyi idan ka sa mata masu birki biyu sai ta riƙa jan jiki kafin ta rufe, in sa mai birki ɗaya da na gama-gari ɗaya a kowace ƙofa. Mutum yana rage wa kansa ciniki don aikina ya yi kyau! Ya kuma ciro maganaɗisu ya ɗora a kan wasu da aka rubuta wa ba sa tsatsa, ya manne caf. Ya ce ƙarfe ne aka yi wa wanka, tururin girki zai tona asirinsa. Irin su ne suka cika shagunanmu, kuma da tsada ake sayar mana.

Masu lanƙwasar ba su cika ba, ya aiki yaro wurin maƙwabcinsa. Kafin ya dawo mun yi azahar, an kawo waina da miyar taushe, ya rantse sai na ci. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya sallama, ya kuma zuba mini sukurori a leda kyauta, gajeru, don kada su fasa fuskar ƙofa. Duka goma sha biyun, 'yan Sin ne amma masu kauri, ba su kai kuɗin guda huɗu na shagon gilashi ba.

Na biya Kasuwar Barci na saya wa uwargida atamfa. Zuwa la'asar ina Kawo, mota ta daɗe ba ta cika ba, bayan isha'i muka shiga Funtuwa.

Jiya na ɗaura ƙofar farko. Kofin ya zauna a tsohon raminsa ba tare da na taɓa katakon ba, na ɗan juya sukurun saiti har bakin ya daidaita, na tura ta da yatsa ɗaya ta rufe shiru. Saura biyar, Hajiya kuma jibi za ta aiko a ɗauka.