Talata: maganar adireshi da tambayar Alhaji

Yau Talata, kuma da labari mai daɗi na so in rubuta, domin aikin safe ya tafi yadda ake so, amma maganar da muka yi da Alhaji, mai kamfanin samar da intanet ɗin da nake yi wa aikin injiniya, bayan azahar ta tsaya mini a rai, har na ci abincin dare ina juya ta. Asalin zancen ƙarami ne. Mai shagon maganin nan da ke cikin tsofaffin kwastomominmu ya sa kyamarori, yana son ya riƙa kallon shagonsa ta waya daga gida, abin kuma ya ƙi yiwuwa cikin sauƙi saboda shi da mutane masu yawa muka haɗa su a kan adireshin intanet guda ɗaya, wato lambar da ake gane layin mutum da ita a intanet. Abin da yake buƙata shi ne adireshi nasa na kansa, mu kuwa waɗanda suka rage a hannunmu ba su kai a ce muna raba wa duk wanda ya nema ba. Saboda haka na haɗa lissafin abin da muka yi amfani da shi, na shiga wajen Alhaji domin in gaya masa lokaci ya yi da za mu nemi ƙari.

Da na ce masa iyakar abin da za a ba mu a buƙata ɗaya shi ne adireshi 1,024, sai ya ajiye wayarsa ya dube ni, yana zaton baki ne ya suɓuce mini. Shi a shirinsa na faɗaɗa aiki zuwa sababbin unguwanni, dubbai yake hange. Tambayarsa ta farko ita ce ko hukumar sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ce ta sa wannan iyaka, domin a wajenta muka karɓi lasisi, kuma ya san hanyar Abuja. Na ce masa a'a, lasisin gudanar da aiki daban, adireshi daban. Adireshin intanet na nahiyar Afirka baki ɗaya wata cibiya mai suna AFRINIC ce ke raba shi, daga ofishinta da ke Ebene a tsibirin Mauritius, tun shekarar 2005 da aka amince da ita a matsayin ta biyar cikin cibiyoyin da ke wannan aiki a duniya.

Waɗanda suka san ni sun san cewa idan aka taɓo wannan fage ba na jin gajiya, kuma yau ma na sake jiki na yi bayani da nishaɗi. Na gaya masa cewa tsohon tsarin adireshi, wato IPv4, gaba ɗayansa bai wuce adireshi biliyan 4.3 ba, kuma an yi rabon farko ne tun intanet tana hannun jami'o'i da kamfanonin Amurka, shi ya sa kamfanin Apple shi kaɗai yake riƙe da rukuni mai adireshi sama da miliyan 16. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, babbar ma'ajiyar duniya ta IANA ta raba manyan rukunoni biyar na ƙarshe, kowace cibiya ta samu ɗaya, namu na Afirka shi ne wanda ya fara da lamba 102. Yankin Asiya ya shiga ƙarancin tun a wannan shekarar, Turai ta biyo baya a 2012, Latin Amurka a 2014, Arewacin Amurka kuma ya ƙarar da nasa a 2015. Mu ne na ƙarshe, kuma saboda ganin abin da ke tafe aka amince da ƙa'idar sauka a hankali, wato rage yawan adireshin da ake bayarwa mataki-mataki, tun a 2011. Matakinta na farko ya fara aiki ranar 31 ga Maris, 2017, lokacin da kamfani zai iya samun har adireshi 524,288 idan ya kawo hujja. Mataki na biyu ya fara ranar 13 ga Janairu, 2020, kuma a cikinsa muke: mafi yawa 1,024, mafi ƙaranci 256, sai ka nuna ka yi amfani da kashi 90 cikin 100 na abin da ke hannunka, sannan buƙatar watanni takwas kawai za a duba maka. An kuma keɓe adireshi 1,048,576 domin abin da ka iya tasowa nan gaba.

Alhaji ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "To Injiniya, na ji. Wane ne ya yanke wannan hukunci, kuma wa za mu gani?"

Na yi murmushi, domin a ganina nan ne amsar ta fi daɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu wanda za a gani. Ma'aikatan ofishin ba su suka rubuta ƙa'idar ba, aiwatarwa kawai suke yi. Mutane irina ne suka rubuta ta." Na bayyana masa cewa kowa yana da damar kawo shawarar sabuwar ƙa'ida ko gyaran tsohuwa, ko kamfaninsa mamba ne ko ba mamba ba ne, ko ɗalibi ne ko farfesa, kuma ba a biyan ko sisi domin shiga. Shawarar tana zama a gaban jama'a aƙalla makonni huɗu ana tafka muhawara a rubuce kafin a kai ta babban taro, wanda bisa al'ada ake yi sau biyu a shekara a ƙasashe daban-daban, har an yi ɗaya a Legas a ƙarshen 2017. Ma'aikata suna fitar da bayanin tasirin da za ta yi a aikace da kuma a shari'ance. Shugabanni biyu na sa-kai, waɗanda jama'ar taron suka zaɓa, su ne ke duba ko an samu fahimtar juna. Idan sun ga an samu, sai a ba da kiran ƙarshe na aƙalla makonni biyu, sannan a miƙa wa hukumar gudanarwar AFRINIC ta tabbatar. Wanda bai gamsu da hukuncin shugabannin ba yana da kwamitin ɗaukaka ƙara.

Ya ce, "Ƙuri'a nawa ke gare mu?"

Na ce ai ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba. Mutum ɗari za su iya cewa sun goyi baya, amma idan mutum ɗaya ya kawo hujja mai ƙarfi ta cewa ƙa'idar za ta lalata wani abu, dole a tsaya a amsa masa, ko da a ƙarshe ba a bi ra'ayinsa ba. Na faɗi wannan da alfahari, domin shi ne abin da ya fara jan hankalina zuwa wannan harka, kuma har yanzu ina ganin kyansa.

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wannan ai taron ƙungiyar kasuwa ne. An ce kowa ya zo, ƙofa a buɗe take, amma mai yaran shago ne zai je ya zauna tun safe har yamma, mai tsare shagonsa da kansa kuwa sai dai ya ji labarin abin da aka yanke. Gaya mini gaskiya, waɗanda suke ta rubutun nan kullum, wa yake biyan su albashin lokacin da suke ɓatawa?" Kafin in haɗa amsa ya ƙara da cewa, "Kuma kai ka ce ba a ƙirga ƙuri'a. Ke nan wanda ya yi shiru, an ɗauka ya yarda."

A nan nishaɗina ya tsaya, domin abin da ya faɗa ya dace da abin da nake gani. Muhawara guda tana iya ɗaukar shekaru, ana sake rubuta daftari ana dawowa da shi, kuma wanda zai yi tasiri a cikinta shi ne wanda ya karanta kowane daftari, ya tuna abin da aka ce bara, ya amsa cikin kwana ɗaya ko biyu kafin zancen ya wuce. Wanda aikinsa ke nan a babban kamfani, ko wanda yake da dukiya mai yawa da ta rataya a kan sakamakon, zai iya yin haka. Ni kuwa yawancin karatun da nake yi na waɗannan daftarori da daddare ne, bayan na dawo daga hawa ƙarfen eriya ko neman inda aka yanke mana waya, ga shi da Turanci irin na lauyoyi ake rubuta su, a taro kuma Turanci da Faransanci ne ke tashe. Sau da yawa nakan kai ƙarshen muhawara ina da abin cewa, sai in tarar wani ya riga ya faɗi kusa da shi, ko kuma an shiga cacar baki mai zafi da ba na son sunana ya fito a ciki, sai in ja bakina. A littafin shugabannin taro kuwa, wanda bai yi magana ba bai kawo ƙorafi ba.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne batun sayar da adireshi zuwa wajen nahiyar, wanda aka daɗe ana ja-in-ja a kansa. Tun da adireshi ya yi ƙaranci ya zama haja, har a 2021 farashin guda ɗaya ya kai wajen dala 50 a kasuwar duniya. Masu goyon bayan a buɗe hanya suna cewa Afirka ce ta fi kowa ƙarancin rabo, saboda haka ita ce za ta fi buƙatar sayowa daga waje idan ma'ajiyarta ta ƙare, kuma wasu yankunan ba za su yarda a shigo da nasu ba sai an yarda namu ma ya fita. Masu adawa suna cewa wanda ke da dala shi zai kwashe, kuma ɗan abin da muka samu a kan kuɗin rajista zai koma cibiyoyin ajiyar bayanai na ƙasashen waje ya bar mu da sayen abin da muka sayar. Kowane ɓangare yana da hujja, ni kuma na fi karkata ga a yi taka-tsantsan da adireshin da aka karɓa daga ma'ajiyar nahiyar bisa alkawarin yi wa jama'arta aiki. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wajena ita ce irin ta mai shagon maganin nan, wato abin da ƙarancin yake jawo wa ƙaramin kamfani da kwastomansa a zahiri: mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, idan ɗaya ya yi ɓarna a toshe su duka, idan jami'an tsaro suka zo da tambaya a sha wahalar gano wanda ake nema. Irin wannan bayani ba kasafai nake ganin an kawo shi daga ɓangarenmu ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka ban yarda da Alhaji ɗari bisa ɗari ba, kuma na gaya masa. Da ƙuri'a ake yi, da mai kuɗi ya cika zaure da mutanen haya ya wuce da abin da yake so cikin yini ɗaya. Da kuma akwai wani babba da ake gani a ofis, da ba mu ne za mu riga manyan kamfanonin sadarwa isa ƙofarsa ba. Iyakar 1,024 ɗin da ta ɓata masa rai ita ce dalilin da ya sa har yau akwai abin da za mu nema, domin ba don ita ba da 'yan manyan buƙatu kaɗan sun share ma'ajiyar tuntuni. Ya amince da wannan, amma ya tuna mini da shari'o'in da suka dabaibaye cibiyar AFRINIC, har kotu a Mauritius ta naɗa mata mai riƙo a 2023, ta yi shekaru babu cikakkiyar hukumar gudanarwa sai a Satumban 2025. Ya ce duk kyan tsari, idan babu mai tabbatar da abin da jama'a suka yanke, magana ce kawai. A kan wannan ban yi jayayya da shi ba.

Sai na yi amfani da damar na nemi abin da na daɗe ina son nema. Na ce, "Tun da kai da bakinka ka ce mai yaran shago ne ke zuwa taro, to ka ba ni awa biyu duk ranar Alhamis a cikin lokacin aiki, ni da ƙaramin injiniyanmu, mu zauna mu karanta abin da ake tattaunawa mu rubuta namu." Ya yi dariya ya ce na kama shi da maganarsa, sannan ya tambaye ni ribar da kamfani zai gani a ƙarshen wata. Na ce babu ribar da za a gani a ƙarshen wata, kuma ba da sunan kamfani ma za mu yi magana ba, domin a wannan zaure kowa da sunansa yake magana. Wannan bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya ce in bar shi ya yi tunani, amma in fara kawo masa lissafin abin da za a kashe wajen kammala sabon tsarin adireshi, wato IPv6, a kan layukanmu, tun da na ce shi ne tsarin da adireshinsa ba ya ƙarewa, kuma mun daɗe da karɓar rabonmu muna ajiye da shi saboda tsofaffin na'urorin gidajen kwastomomi.

Bayan isha'i na zauna na rubuta sakin layi uku a kan abin da haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya yake jawo mana, ba tare da sunan kowa ba, na tura wa ƙaramin injiniya ya duba mini alƙaluman kafin in aika zauren muhawarar, tare da gaya masa ya ƙara nasa ra'ayin idan ya saɓa da nawa. Ya amsa cewa shi yana ganin ɓata lokaci ne a ci gaba da faɗa a kan IPv4, gara a zuba ƙarfi a kan sabon tsari. Na ce masa ya rubuta hakan da hujjojinsa ya aika da sunansa, ni ma zan aika nawa. Takardar neman adireshi 1,024 kuwa tana kan teburin Alhaji tana jiran sa hannu, mai shagon magani kuma na ware masa adireshi ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin da na ɓoye domin gaggawa, gobe da safe za mu je mu saita masa.